Babi na Huɗu: Allon da Za a Ɗaura wa Lasifika

Duk wanda ya taɓa ciro kan lasifika daga akwatinsa ya jona shi da amfilifaya a kan tebur ya san abin da ke biyo baya. Takardar da ke fuskar kan tana ta kai da komo, har ana ganin motsinta da ido, amma abin da ke fita siriri ne, murya babu kauri, ganga babu nauyi. To a ɗauko babban kwali, irin wanda ake sako firiji a ciki, a huda rami daidai faɗin kan, a zura shi. Nan take murya ta cika, bes ya dawo. Ba a taɓa amfilifaya ba, ba a sauya waƙa ba. Kwali ne kawai ya shiga tsakani.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Idan takardar ta turo gaba, tana matse iskar da ke gabanta, tana kuma barin gurbi a bayanta. In babu shamaki, iskar da aka matse ba ta damu da zuwa kunnen mai sauraro ba, sai ta zagaya ta gefe ta cike gurbin baya, wahala ta tashi a banza. Sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa. Sautin da ke kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, wato haz 1,000, tsawon zangonsa santimita 34 ne kawai. Na haz 100 ya kai mita 3.4, na haz 40, inda manyan ganguna da jitar bes suke, ya haura mita 8. Gajeren zango ba ya samun sukunin zagayawa kafin takardar ta juya, shi ya sa siririn sauti ke tsira. Dogon zango kuwa kan lasifika bai kai ya tare masa hanya ba. Chester Rice da Edward Kellogg, injiniyoyin kamfanin General Electric na Amurka da suka bayyana irin wannan lasifika mai naɗin waya da maganaɗisu a 1925, sun san da wannan tun ranar farko, kuma a kan allo suka ɗaura tasu.

Akwati ya zo daga baya ya kulle sautin baya gaba ɗaya. Masu buɗaɗɗen allo sun ƙi bin wannan hanya: suna barin bayan a buɗe, allo ɗaya tsaye ya isa. Suna biyan farashi a kan haka. Allo mai faɗin santimita 60 yakan fara asarar bes sosai daga wajen haz 200 zuwa ƙasa, kuma duk lokacin da yawan kaɗawar ya ragu da rabi, ƙarfin sautin yana raguwa da desibel 6. Don a cike wannan giɓi, sai an sa manyan kawuna, inci 12, inci 15, wani lokaci biyu-biyu a kowane gefe, kuma sai sun yi motsi mai yawa. A rufaffen akwati, in ana son ƙarfin sauti ya tsaya yadda yake yayin da kaɗawa ta ragu da rabi, takarda tana bukatar ninka tafiyarta sau 4. A buɗaɗɗen allo sau 8 ne.

A nan batun wannan babi ya taso, domin duk wannan tafiya a jikin allo take dira.

Allon yana da aiki biyu. Na farko, ya tare iska, kuma wannan kowane abu mai faɗi zai iya, har kwali. Na biyu, ya riƙe kan lasifika cak, ba tare da shi kansa ya motsa ba. Wannan na biyun ne ke raba katako da katako. Duk sanda naɗin waya ya tura takarda gaba, maganaɗisu yana samun turi daidai wannan zuwa baya, kamar yadda dokar Newton ta uku ta faɗa. Turin yana bi ta ƙarfen da ke riƙe da maganaɗisun, ya shiga notunan da aka ɗaure, ya bazu a cikin allo. Sai allon ya fara kaɗawa, kuma abin da ke kaɗawa a cikin iska sauti yake fitarwa. Wani zai ce ai motsin kaɗan ne, ba a ko ganinsa. A yi lissafi. Takardar kai mai inci 8 faɗin fuskarta bai wuce murabba'in santimita 220 ba. Allo mai santimita 60 da 120 fuskarsa murabba'i 7,200 ce, fiye da ninki 30. Ashe in allon ya motsa kashi ɗaya cikin talatin na motsin takardar, ya tura iska daidai da ita. Ba a kowane sauti yake yin haka ba, sai a 'yan wurare inda kaɗawar ta dace da amon kansa. Amma a waɗannan wuraren yana sa baki a waƙar da ba a gayyace shi ba, kuma ba ya yin shiru a lokacin da takarda ta yi. Abin da kunne ke ji shi ne murya mai ɗan hanci, ko bes da ke jan ƙafa.

Mai haɗa goge yana zaɓen ƙoƙon da ya fi amo, ya ƙwanƙwasa wannan, ya ajiye, ya ɗauki wancan, domin ƙoƙon ne ke ba tsirkiya murya. Mai haɗa lasifika akasin haka yake nema. Gogen ya riga ya yi amonsa a ranar da aka ɗauki sautin, kuma ba a bukatar wani katako ya ƙara nasa a kai. Gaskiya ne akwai wata mazhaba, musamman a tsakanin masu son kai guda mai ɗaukar kowane sauti da amfilifaya mai kwalba, da ke yin allo da siririn itacen da ake yin fuskar jita da shi, da gangan don ya riƙa amsawa. Suna jin daɗin abinsu, kuma ba a musu da jin daɗi. Sai dai allon da ya yi wa murya ɗaya ado, shi ne zai shafa wa kowace murya wannan adon, da ta mai wa'azi da ta mai labarai da ta kalangu.

Abu uku ke hukunta yadda allo zai yi: taurinsa, wato yadda yake ƙin lanƙwasa, nauyinsa, da yadda yake shanye jijjiga ya mayar da ita ɗan zafi maimakon sauti. Tauri yana ɗaga amon allo sama. Nauyi yana sauko da shi, yana kuma rage girman motsin. Shanyewa ce kaɗai ke kashe amon. Biyun farko suna kai shi wani wuri ne kawai. Yawancin masu fara wannan sana'a suna kashe kuɗinsu a kan tauri da nauyi saboda su ake ji a hannu, su manta da na ukun.

Akwai wata ƙa'ida da ta cancanci a haddace ta. Taurin faranti yana ƙaruwa da kaurinsa ninki uku a jere: a ninka kauri sau 2, tauri ya ninku sau 8, nauyi sau 2 kawai, amon kuma ya hau sama da ninki 2. Shi ya sa idan aka manne filawud biyu masu milimita 18 da gam mai ƙarfi suka zama jiki ɗaya, an sami abin da ya fi guda ɗaya tauri sau 8. In kuwa jera su aka yi aka ɗan buga ƙusa a kusurwoyi, kowanne yana lanƙwasa shi kaɗai, taurin sau 2 ne, amon yana nan inda yake. Wannan ƙa'ida ce ta sa katako ya gagari ƙarfe a wannan aiki. Allon filawud mai santimita 60 da 120, kauri milimita 18, nauyinsa kimanin kilo 9 ne. A ce za a yi shi da baƙin ƙarfe a nauyi ɗaya, kaurinsa ba zai kai milimita 2 ba, hannu ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. Tsawo ma yana da tasa dokar: a raba tazarar da ke lilo gida biyu da tokari, amon ya hau ninki 4. Sandar tokari ɗaya da aka manna da kyau a bayan allo ta fi ƙarin kauri arha da sauƙin ɗauka.

Abin da kowa ke fara cin karo da shi a wurin masu sayar da kayan kafinta shi ne MDF, garin itace da aka cakuɗa da gam aka matse da zafi. An fara sarrafa shi a masana'anta a Amurka a shekarun 1960, kuma yau yawancin akwatunan lasifikar da ke kasuwa da shi ake yi. Dalilan a bayyane suke. Ba shi da tsada, ko'ina a jikinsa iri ɗaya ne, babu ƙulli babu rami, zarto yana yanka shi sumul, fenti yana zama a kansa. In an ƙwanƙwasa shi sai a ji "dum", shi ya sa ake ce masa mataccen katako, alhali yana da nasa amon, ya dai sauka ƙasa ne. A akwati, bango shida suna tallafar juna, rauninsa ba ya fitowa. A buɗaɗɗen allo shi kaɗai ne a tsaye, babu mai riƙe masa kafaɗa, kuma ga nauyi: cikakken fefe mai ƙafa 4 da 8, kauri milimita 18, yana kusan kilo 40, amma taurinsa bai kai rabin na filawud mai kyau ba. Sukuru ba ya zama a bakinsa, in aka kwance aka ɗaure sau biyu uku sai ramin ya zama gari. Ruwa kuwa ajalinsa ne. Allon da ke tsaye a kan tayil ɗin da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma kullum, ba a daɗewa gindinsa ya kumbura, kuma ba ya komawa. Ƙurarsa ma ba ta wasa ba ce: hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙurar itace da sinadarin fomaldehaid, wanda ke cikin gam ɗin da aka fi yin MDF da shi, a jerin abubuwan da ke haddasa cutar. A yanka shi a fili, da takunkumi a fuska.

Filawud shi ne zaɓin yawancin gogaggu, kuma wanda suka fi ambata shi ne na itacen bach da ake yi a Rasha da Finlan da Latbiya da maƙwabtansu. Mai milimita 18 yana da fale-fale 13, kowane sirara an gicciya shi a kan ɗan'uwansa, duka itace iri ɗaya tun daga fuska har ciki. Yakan zo a fefe mai murabba'i, milimita 1,525 kowane gefe. Tun da Tarayyar Turai ta hana shigo da katakon Rasha a 2022 saboda yaƙin Yukren, farashinsa ya tashi, samunsa ya yi wuya har a can Turai, balle a kasuwannin Afirka ta Yamma.

Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, domin sunan itacen ba shi ne sirrin ba. Sirrin yana bakin fefen, kuma kowa zai iya dubawa. A sa mai shago ya jawo fefe a tsaya a gefensa a ƙidaya layukan. Milimita 18 mai layi 5 ko 7 masu kauri, da farin itace mai taushi a tsakiya, na silin ne da bayan kabad. Mai layi 11 ko 13 sirara shi ake nema. A bi bakin da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan: in ana ganin ƙananan ramuka baƙaƙe inda wani layi ya yanke bai haɗu da na gaba ba, ko inda layi ya hau kan layi ya yi tudu, to cikin ma haka yake. Ramin da ke ɓoye a tsakiyar fefe shi ne zai riƙa zuzu a wani sauti guda, mutum ya kwance kai ya ɗaure, ya sauya waya, ya zargi amfilifaya, bai san abin yana cikin katako ba. A bi fuskar da ƙwanƙwasa, inda sautin ya sauya ya zama fanko, gam bai kama ba. A kuma ɗaga fefen a hango shi ta tsawo, wanda ya riga ya karkace a shago ba zai miƙe a gida ba. Filawud ɗin jirgin ruwa, wanda akan yi da itacen okume na Gabon da gam marar jin ruwa, madadi ne mai kyau, sai dai hatimin BS 1088 da ake bugawa a jikinsa tawada ce kawai, bakin fefen ne shaida. Ba baƙon abu ba ne ma a wannan yanki: garin Sapele da ke jihar Delta ya sami masana'antar filawud tun kafin samun 'yancin kai, kuma da sunan garin ake kiran wani jan itace a kasuwannin katako na duniya.

Sai gundarin katako, wanda shi ne ke ɗaukar ido. Allon maɗaci ko kawo ko iroko da aka goge ya sha mai, babu filawud ɗin da zai tsaya kusa da shi a falo. Matsalarsa ita ce yana numfashi. Itace yana shan danshi daga iska yana kumbura ta faɗi, ya saki danshin ya tsuke, ta tsawo kuwa kusan ba ya motsi. A ƙasashen da danshin iska ba ya sauyawa sosai a cikin gida, abin da sauƙi. A ƙasar Hausa, inda danshi ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da hunturu ya kuma haura kashi 70 a tsakiyar damina, falanki mai faɗin rabin mita zai iya tafiya ya dawo da kusan santimita guda a shekara. Yanzu a huda masa rami mai inci 15 a tsakiya, a ɗaure masa zoben ƙarfe da noti takwas, zoben da ba ya tsukewa. Ɗayan biyu ne: ko itacen ya tsage daga bakin rami zuwa gefe, ko ya murɗe ƙarfen kan lasifikar har naɗin waya ya fara gogar maganaɗisu. Wanda ya nace sai gundarin katako, ya samo wanda ya bushe sarai, a tsaga shi ƙananan sanduna a sake manne su ana juya fuskokinsu, a shafe gaba da baya da baki da fenti iri ɗaya, a kuma buɗa ramukan noti su ɗan fi notin faɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar filawud ya yi aikin, a lulluɓe shi da siririn fallen itacen da ake so, gaba da baya. Allunan gora da ake mannawa a masana'anta suna bin wannan dabara ta ƙananan sanduna, suna da tauri, kuma wasu kamfanonin buɗaɗɗen allo suna yin nasu da su.

Gilashi, mabul, giranit da alminiyom suna da masoya, kuma hujjarsu nauyi da tauri. Giranit mai santimita 60 da 120, kauri santimita 3, yana kusan kilo 60, kan lasifika ba ya girgiza shi da sauƙi. Amma a rataye guntunsa da igiya a buga masa cokali a ji yadda yake ƙara kamar ƙararrawa, ya daɗe bai mutu ba. Ba sa shanye komai. In za a yi da su, sai an manna musu wani abu mai taushi a baya, ga wahalar huda da'ira, ga haɗarin faɗowa kan yaro. Akirilik, robar nan mai kama da gilashi, ya fi su kashe amo kuma yana sa babban allo ya ɓace wa ido a ɗaki, sai dai taurinsa kusan na MDF ne, ya fi shi nauyi, ya fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Waɗanda suka fi kowa bin diddigin wannan magana ba su ƙare da gano wani itace na musamman ba. Da haɗa abu biyu suka ƙare. Sashen bincike na BBC ya shafe shekaru yana auna bangon akwatunan lasifika, kuma a 1977 Dudley Harwood da abokin aikinsa Mathews suka fitar da rahoto a kai. Hanyar da gidan ya bi ta saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa: maimakon katako mai kauri, sai siririn filawud na bach, milimita 9 zuwa 12, da aka manne masa faranti masu nauyi na kwalta daga ciki. Siririn bango ya fi sauƙin ladabtarwa, kwalta ta rinjaye shi ta shanye motsinsa, nauyinta kuma ya ja amon ƙasa, ya bar yankin muryar ɗan Adam inda kunne ya fi tsini. Ga gidan rediyo, murya ita ce jari. Ƙaramar lasifikarsu LS3/5A, wadda aka fara yi a tsakiyar shekarun 1970 kuma har yau ana ƙera ta da lasisi, haka aka gina ta. Darasin ya shafi buɗaɗɗen allo da gyara ɗaya: allon da ke tsaye shi kaɗai ba zai iya zama siriri haka ba, don haka ake sa abu mai taushin a tsakiya, filawud gaba, filawud baya. Idan allon ya so lanƙwasa, fefen biyu suna zamewa a kan juna, abin da ke tsakani yana ta miƙewa yana cinye ƙarfin. Siririn shafi ya isa, milimita ɗaya ko biyu na gam ɗin da ba ya bushewa ƙarau. A kula da kwalta a garuruwan da zafin bazara ke wuce digiri 40, tana laushi ta zame. Faranti na robar butil da ake mannawa a ƙofar mota don rage ƙara sun fi jure zafi.

Tun kafin BBC, wani mutumin Yokshaya ya riga ya bi wata hanyar da ta fi wannan arha. Gilbert Briggs ɗan kasuwar yadi ne a Biradfod da son sauti ya ja shi ya haɗa lasifikarsa ta farko a ɗakin ƙarƙashin gidansa a 1932, daga nan kamfanin Wharfedale ya samo asali. Mutum ne da ba ya tsoron gwaji a bainar jama'a: a 1954 ya cika babban zauren Royal Festival Hall na Landan, ya sa makaɗa su yi kiɗa, ya kuma saka sautin da aka ɗauka ta lasifikarsa, jama'a su kwatanta da kunnensu. A 1956 ya fitar da SFB/3, buɗaɗɗen allo mai kawuna uku, wanda jikinsa siraran filawud biyu ne da busasshen yashi cike a tsakaninsu. Yashi ba shi da amo ko kaɗan. Ƙwayoyinsa suna gogar juna duk sanda aka girgiza su, motsin ya mutu a nan.

Mai haɗawa a gida zai iya yin wannan da kayan da ke unguwarsu. Filawud biyu masu milimita 9 ko 12, a kewaye bakinsu da sanda mai kaurin santimita 2, a sa zoben katako a kewayen kowane ramin kai don noti ya sami abin kamawa kuma yashi kada ya zubo, a jefa 'yan ƙananan tubalan katako a tsakiya don kada nauyin yashi ya turo cikin allon waje daga ƙasa. Yashin a wanke shi, a tankaɗe, a shanya har ya bushe ƙarau, domin ɗanyen yashi zai ruɓar da katako daga ciki. A zuba ta sama ana bubbuga gefe, a bar shi kwana biyu ya zauna, a ƙara, sannan a rufe. Allo mai santimita 60 da 120 zai ci abin da ya kai kilo 20, don haka sai an yi masa gindi mai faɗi da tokari biyu daga baya.

Siegfried Linkwitz ya zo wa matsalar ta wata ƙofa. Injiniya ne haifaffen Jamus da ya yi shekaru fiye da talatin a kamfanin Hewlett-Packard a Kalifoniya yana ƙera na'urorin awo, kuma bayan ritaya ya duƙufa kan buɗaɗɗen allo har rasuwarsa a 2018. Ya lura cewa tunda babu matsin iska a ciki kamar na akwati, jijjigar kusan duk ta hanya ɗaya take shigowa, ta notunan da suka haɗa kai da allo. To me zai hana a toshe hanyar? A gyaran da ya yi wa lasifikarsa Orion, wadda ya fitar a 2002, ya ɗaure kan da ke fitar da sautin tsakiya ta maganaɗisunsa a jikin wani tokari na daban a baya, bakin kan yana taɓa allo ta kan soso kawai. A LX521 ta 2012 ya ƙara gaba: ya rage allon sama har ya zama ɗan abin da ya isa ya riƙe kawunan, ya ɗora shi a kan wata gada da ta tsallake sashen bes ba tare da ta zauna a kansa ba, don girgizar manyan kawunan ta sauka ƙasa ita kaɗai. Kuma da filawud ake haɗa ta. Kamfanin KEF na Ingila ya yi wata dabarar mai kama da wannan a 1984 a samfurin 104/2, inda ya haɗa maganaɗisun kawunan bes biyu da sandar ƙarfe don turin ɗaya ya soke na ɗayan. Ko wanda ba zai kai nan ba zai iya raba allonsa biyu, na bes daban, na murya daban, kowanne da ƙafarsa.

Kauri yana zuwa da nasa tarko. Kan lasifika mai inci 6 ko 8 da aka zura a allo mai milimita 36 ya zama kamar yana numfashi ta cikin bututu, iskar baya tana dukan bangon ramin tana komowa kan takarda. Maganin shi ne a fafe bakin ramin ta baya a karkace, kusurwar digiri 45, a bar tudu kawai inda noti zai shiga. Notin kuma ya ratsa allon ya kama ƙarfe a baya, kada a dogara da sukurun katako. Kada kuma a sa kan a tsakiyar allo daidai, inda nisan zuwa kowane gefe ɗaya ne. Harry Olson na kamfanin RCA ya nuna tun tuni cewa hakan yana tara cikas ɗin a sauti guda, gusar da shi gefe kaɗan yana warwatsa shi.

Kafin a sayi fefe ko ɗaya, a fara da kwali mai kauri ko tsohon filawud, a gwada faɗi da tsayi da wurin rami a cikin ɗakin da za a saurara, allon ya bar bango da kimanin mita guda. Siffar allo tana sauya sauti fiye da irin katakonsa, kuma kuskure a kwali ba ya cin kuɗi. Idan an gama na gaskiyar, a saka sautin gwaji mai hawa a hankali daga haz 40 zuwa 1,000, wanda kowace wayar hannu za ta iya fitarwa, a ɗora yatsu a kusurwoyin sama da tsakanin ramuka. Inda allon ya yi wa yatsa cakulkuli, nan ne tokari zai shiga.

Ga mai karatun da ke son amsa guda: filawud mai layi da yawa marar rami, biyu a haɗe da abu mai taushi ko yashi a tsakani, sashen bes a ware shi, a shafe kowane baki da fenti, a ɗaga gindin daga ƙasa da 'yan ƙafafun roba saboda ruwa da gara. In kuɗin bai kai ba, MDF mai tokari biyu a baya zai yi aiki shekaru, muddin ba a bar shi ya sha ruwa ba. Abin da ya rage a aljihu a kai shi wurin kawunan lasifika, su ne babi na gaba zai duba.